Ko Kun Sani? Jakunkunan Iska Kaɗai Ba Sa Ceton Fasinjan Jirgi Mai Saukar Ungulu

Injina da na'urar juya farfela galibi a saman jirgi mai saukar ungulu suke, shi ya sa idan ya faɗa teku yake saurin kifewa. Ana ɗaura masa jakunkunan da ke cika da iska don ya tsaya a saman ruwa, amma ƙarfinsu yana da iyaka. Ranar 23 ga Agusta 2013, wani jirgi ƙirar Super Puma ɗauke da mutum 18 ya faɗa teku kusa da Sumburgh a tsibiran Shetland. Jakunkunan sun cika, jirgin bai nutse ba, sai dai ya kife, ruwa ya cika ɗakin fasinja, mutum huɗu suka rasu.

Bayan wannan haɗari, a 2014 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Birtaniya ta hana kai ma'aikata rijiyoyin mai na cikin teku a jirgi mai saukar ungulu idan igiyar ruwa ta fi ƙarfin abin da aka tantance jakunkunan za su jure, ta kuma tilasta ba fasinjoji ingantacciyar na'urar numfashi a ƙarƙashin ruwa. Za a ce soke tashi asara ce ga kamfanoni, kuma haka ne. To amma jakar da aka gwada a ruwa mai sauƙi ba ta da tabbas ranar da teku ya yi fushi, kuma mutumin da ke rataye kai ƙasa cikin ruwan sanyi ba lallai ba ne ya iya riƙe numfashi har ya lalubo taga.