Dajin da ke tafiya a kan tuddan Yamai

Wanda ya leƙa ta tagar jirgi kafin a sauka Yamai zai ga tuddan gabashin birnin da layuka, baƙi da fari, kamar kunyoyin gona. Ba wanda ya shuka su. Baƙin layin itatuwa ne, geza da sabara, farin kuma fako ne mai tauri da ko ciyawa ba ta fitowa a kansa.

Ruwan da ke sauka a yankin bai wuce milimita 550 zuwa 600 a shekara ba, bai isa ya riƙe daji mai duhu ba. Amma fakon ba ya shan ruwa, sai ya gangarar da shi zuwa layin itatuwan da ke ƙasa da shi, su sha nasu su sha na fako. A bakin layin, ta inda ruwa ke shigowa, yayi da iri ke taruwa. Gara ta zo cin yayin ta huda ƙasa, ruwa ya samu hanyar shiga. Ciyawa ce ke fara kama wurin, sabara ta biyo baya, daga bisani geza ta yi inuwa. Can a ƙarshen layin, inda ruwa ya daina kaiwa, tsofaffin itatuwa na bushewa su koma fako. Da haka dajin ke matsawa sama a hankali, shekara bayan shekara. Masu bincike sun daɗe suna nazarin wannan a ƙauyen Banizumbu.

Raƙuman dawan Kure, kilomita 60 daga Yamai, a wannan daji suke yin damina, da rani su sauka Dallol Bosso wajen gawo. A 1996 kusan 50 kawai suka rage a Afirka ta Yamma baki ɗaya. Bayan shekaru ashirin da ƴan kai na kariya sun haura 600, har aka kai takwas gandun Gadabeji a 2018.

Sai dai tukunyar Yamai da itace take dahuwa, kuma motocin da ke shigowa birni maƙare da geza daga waɗannan tuddai suke ɗebowa. A 1992 gwamnati ta kafa dokar kasuwannin itace na karkara don ƙauyuka su riƙa tsara sara da kansu. Tunani ne mai kyau, amma birnin ya ci gaba da girma fiye da yadda daji ke tofowa.

In aka sare layi ɗaya, ruwan da yake tarewa ba shi da birki. Yakan yanka kwazazzabai, ya kwashi rairayi ya zuba a kogin Isa, wanda ya cika ya shiga unguwannin Yamai a 2020. Shi ya sa masu gyaran ƙasa ke haƙa ramukan rabin wata a kan fako, su zuba taki da iri, domin ciyawa ta sake samun wurin kamawa.