Ƙwari a kwarin Komadugu: wane iri ya kamata a kiwata domin abincin kaji?

A ƙasashen Turai da Amurka akwai mutanen da ke ajiye wani ƙaton gizo-gizo mai gashi, wanda ake kira tarantila, cikin akwatin gilashi domin sha'awa, kamar yadda ake ajiye tantabara ko kanari a gidajen Diffa. Wannan halitta ba ta cin gari, ba ta cin tsaba, sai ƙwaro mai rai. Saboda haka masu ita suka koma kiwon kyankyaso a cikin ɗakunansu, suka kuma daɗe suna gardama a kan irin da ya fi dacewa. Labarin yana iya ba mai karatu dariya. Amma tambayoyin da suka yi wa kansu su ne ke gaban ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati na jahar Diffa da ya zuba ɗan tanadinsa cikin kiwon kaji, zabbi ko tarwaɗa.

Tsadar abinci ita ce matsalar

Duk mai kiwon kaji na zamani ya san cewa abinci ke cinye kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin da yake kashewa. Dusa ba ta wuya a bakin Komadugu, inda ake noman shinkafa da masara. Abin da ke wuya shi ne sinadarin gina jiki, wato garin kifi, waken soya ko tunkuza, wanda in babu shi ɗan tsako ba ya girma, kaza kuma ba ta saka ƙwai yadda ya kamata.

Diffa na da nisan sama da kilometa 1.300 daga Yamai, kasuwarta kuwa ta fi jingina da Najeriya. Duk lokacin da hanya ta toshe, farashi sai ya tashi. Bayan hare-haren watan Fabrairu na 2015 a Bosso da Diffa, dokar ta-ɓaci ta hana su a Tabkin Cadi, ba a ɗage hanin ba sai a 2019. A watan Agusta na wannan shekara Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa har zuwa Disamba 2020. Takunkumin CEDEAO na 2023 ya sake maimaita darasin. Mai kiwon da ke jiran buhu daga nesa, kajinsa na cikin hannun abin da ba shi da iko a kansa.

Ƙwaro kuwa abincin kaza ne tun asali. Hukumar FAO ta fitar da babban rahoto a kan haka a 2013. Tarayyar Turai ta yarda a ciyar da kifin kiwo da garin ƙwari a 2017, kaji da aladu kuma a 2021. A Nairobi, cibiyar binciken ƙwari ta icipe ta horar da manoman Kenya da yawa a wannan sana'a.

Darasin masu gizo-gizo

Masu tarantila suna duba abubuwa huɗu kafin su zaɓi iri: saurin haihuwa, abin da ƙwaron ke ci, zafin da yake so, da abin da zai faru ranar da ya kuɓuce. Yawancinsu sun tsaya a kan kyankyason Dubiya, ɗan asalin Amurka ta Kudu. Ba ya hawa bangon roba ko gilashi, ba ya wari sosai, macen na haifar ƴaƴa 20 zuwa 40 a wata. Aibinsa shi ne jinkiri, domin sai ya yi wata huɗu zuwa shida kafin ya balaga. Wasu sun fi son jan kyankyason Turkistan, mai gudu da saurin yaɗuwa. Wannan saurin ne ya zama masifa: tun da aka fara ganinsa a wani sansanin soja na Kaliforniya a 1978, ya mamaye garuruwan kudu maso yammacin Amurka. Shi kansa Dubiya, ƙasar Kanada da jihar Fulorida sun hana shigo da shi. A ƙasar Sin, inda ake kiwon kyankyaso domin magani da cinye shara, kimanin miliyan ɗaya sun tsere daga wata gona a lardin Jiangsu a 2013.

Baturen da kyankyasonsa ya gudu yana da sanyin hunturu da zai kashe masa shi. Mutumin Diffa ba shi da wannan gata. Kyankyason da ya fita daga akwati zai sami mafaka a shagon hatsi, a ɗakin ajiyar tattasai, a masai. Ga jinkirin girma, ga kuma ƙyamar da mai saye zai yi wa kazar da aka ce da kyankyaso aka ciyar da ita. Kyankyaso dai ya faɗi jarrabawa. Ma'aunin da aka auna shi da shi ne ya cancanci a riƙe.

Fara da gara

Fara ce ta fara zuwa a rai. Sai dai mutane na cinta, ƴan kasuwa na kai buhunanta Najeriya, don haka tsadarta ta fi ƙarfin kaza. Lokacinta kuma gajere ne, bayan damina. Akwai wani haɗari: farar da aka tsinto daga gonar da aka yi wa feshi na iya ɗauke da guba.

Gara ba ta buƙatar jari. A Burkina Faso, Benin da arewacin Gana, manoma na cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da karmami, su yayyafa ruwa, su kife ta a kan hanyar gara, kashegari da sassafe su juye wa ƴan tsaki. Dabarar na da amfani ƙwarai ga ƴaƴan zabbi, waɗanda ke mutuwa da yawa a makonnin farko. Amma tarko ne, ba kiwo ba ne, kuma ba zai ciyar da kaza ɗari biyar ba. Manoman can sun kuma shaida cewa wasu ire-iren gara na kashe ƴan tsaki, abin da ya sa tambayar tsofaffin gari ta zama wajibi.

Tsutsa iri biyu

Saura tsutsar ƙuda. Ta ƙudan gida ta fi kowace sauri: a jiƙa dusa da kashin kaji ko tumbin dabba daga mahauta, cikin kwana huɗu zuwa biyar an kwashe. An gwada hanyar a Mali da Benin, ta kuma ba da amfani. Sharaɗinta shi ne a kwashe tsutsar duka kafin ta zama ƙuda, in ba haka ba mai kiwo ya tara wa unguwa cuta, a jahar da ta sha fama da kwalara.

Ta biyu ita ce tsutsar baƙin ƙuda mai kama da zanzaro, wanda masana ke kira Hermetia illucens. Babbansa ba ya cizo, ba ya sauka a kan tuwo. Mace ɗaya na zuba ƙwai wajen 500. Tsutsar na cin ruɓaɓɓen tumatir, ɓawon kankana, ragowar abinci da dusa, ta ƙoshi cikin mako biyu. In an busar da ita, kusan kashi 40 cikin ɗari na nauyinta sinadarin gina jiki ne, kusan kashi 30 kuma mai. Abin da ta bari a kwano taki ne, wanda manomin tattasai zai yi maraba da shi, musamman da yake an taƙaita sayar da takin uriya a jahar a shekarun dokar ta-ɓaci. Ciyar da ita da dusa da kayan lambu kawai na kuma kawar da shakkar da malaman fiƙihu ke tattaunawa game da dabbar da ta rayu da najasa.

Rauninta yanayi ne. Tana son zafin digri 27 zuwa 30 da ɗanshi. A Afrilu da Mayu zafin Diffa na wuce digri 40, iskar hunturu kuma na busar da ƙwai. Kiwonta na buƙatar rumfa mai inuwa, gidan sauro da ƙudan za su yi barbara a ciki, da yayyafin ruwa kullum. Garakan bakin kogi sun fi tsakiyar gari dacewa, muddin an ɗora kwanonin a tudu, domin ambaliyar 2019 da ta 2022 ba su manta da kowa ba.

Mai kaji ashirin a bayan gida, tukunyar gara ta ishe shi. Mai ɗaruruwa da ke da inuwa, ruwa da shara mai yawa, baƙin ƙuda ne nasa, ya fara da kwano biyu ko uku, ya haɗa tsutsar da dusa da hatsi, ya ga yadda za ta ƙetare bazara kafin ya gina rumfa. Jami'ar Diffa, wadda aka kafa a 2014, na da tsangayar ilmin noma. Gwajin da zai nuna irin da ke jure wa zafin ƙasar Manga aiki ne da ya dace da ita, masu kiwo kuma na da haƙƙin neman sakamakonsa kafin su saka jarinsu.