Kasafin kuɗin jihar Kano: a hannun wa wuƙa da nama suke?

Fataken Maraɗi da Damagaram sun san Kano kamar tafin hannunsu: Kantin Kwari don atamfa da shadda, Dawanau don hatsi, Singa don kayan masarufi. Amma kaɗan ne daga cikinsu suka taɓa leƙa zauren da ake yanke shawarar harajin waɗannan kasuwanni da gyaran hanyoyin da motocinsu ke bi, wato majalisar dokokin jiha. Kada mai karatu ya kwatanta ta da majalisun jihohin Nijar, waɗanda aka fara zaɓe a 2011 aka kuma rushe a watan Afrilun 2024. Ta Kano doka take yi, tana da ikon binciken gwamnati, har ma da na tsige gwamna.

Depite 40 ne ke zama cikinta, iyakar adadin da tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya amince wa kowace jiha. A zaɓen 2023 jam'iyyar NNPP ta samu kujeru 26, APC ta samu 14, aka kuma ɗora Jibrin Isma'il Falgore bisa kujerar kakaki. Doka ta wajabta masu zama aƙalla kwana 181 a shekara, kuma zama ba ya halatta sai kashi ɗaya bisa uku na wakilai sun hallara.

Aikin yau da kullum yana da tsarinsa. Ɗan sandan majalisa ke shigowa gaba ɗauke da sandar girma, kakaki na biye da shi. Muddin sandar ba ta bisa teburinta, duk abin da aka faɗa hira ce kawai. Shi ya sa idan rikici ya ɓarke a majalisun Nijeriya ita ake fara kai wa wawura. Bayan addu'a sai a tabbatar da rahoton zaman baya, a karanto wasiƙun gwamna, a gabatar da koke-koken jama'a. Daga nan sai ƙudurori. Wannan depite ya miƙe ya ce gadar garinsu ta karye tun damina, wancan ya ce asibitin ƙaramar hukumarsu ba likita, wani ya goyi baya, kakaki ya nemi masu cewa i da masu cewa a'a, ya buga guduma. Turanci ne harshen aiki a tsarin mulki, amma sashe na 97 ya bai wa majalisa damar ƙara harshen mutanen jiha in ta ga dama. Abin da talaka bai cika sani ba shi ne, irin wannan ƙuduri kira ne kawai ga gwamnati. Ba ya fitar da ko kwabo daga baitulmali. Gadar ba za ta ginu ba sai sunanta ya shiga littafin kasafin kuɗi.

To, a nan ne maganar take. Wajen ƙarshen kowace shekara gwamna da kansa ke zuwa zauren ya karanta jawabi, ya ajiye kundin kasafi bisa tebur. Bayan karatu na biyu, inda ake muhawara kan manufofi gaba ɗaya, sai a miƙa kundin ga kwamitin kasafi. Makonnin da ke biyo baya su ne mafi nauyi cikin shekarar majalisa: kwamishinoni da shugabannin hukumomi na bin layi gaban kwamitoci, kowa na kare abin da ya nema da bayanin abin da ya yi da na bara. Akan kuma shirya zaman jin ra'ayin jama'a, inda ƙungiyoyin farar hula ke kawo nasu kukan. Sannan majalisa ta bi kundin sashe-sashe, ta yi karatu na uku, ta aika wa gwamna. Yana da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, kashi biyu bisa uku na wakilai sun isa su mai da shi doka ba da yardarsa ba.

Alƙaluman shekarun nan suna da abin dubawa. A watan Oktoban 2023 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya kawo kasafin naira miliyar 350 na shekarar 2024; da ya fito daga majalisa ya zama miliyar 437. A watan Nuwamban 2024 ya kawo miliyar 549 na 2025, aka mayar masa da miliyar 719. Mai kallo daga nesa zai ce ga majalisa mai haƙora, tunda ta iya ƙara kusan kashi ɗaya bisa uku kan abin da gwamna ya nema. Sai dai ƙari ba ya ɓata wa kowa rai. Ma'aikatu sun samu abin da suka roƙa, kowane depite ya ga sunan garinsu a littafi, gwamna ya sa hannu ana tafi. Majalisar da ta isa ita ce wadda ke iya rage wa fadar gwamnati wani abu ta mayar wa makarantun ƙauye, kuma wannan aiki ne da ba a cika rige-rigen yinsa ba.

Akwai kuma yaudarar lamba. Kasafin 2023, na ƙarshe a mulkin Abdullahi Umar Ganduje, naira miliyar 268 ne, lokacin da dalar Amurka ke wajen naira 460 a farashin gwamnati. Bayan Shugaba Bola Tinubu ya cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 ya kuma saki naira, dala ta haura 1,500 a 2024, tsadar kaya ta zarce kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen shekarar. In an auna da wancan farashi, miliyar 719 ba ta kai nauyin miliyar 268 ta da ba. Ƴan canjin da ke musayar sefa da naira a kasuwar Maraɗi ba sa bukatar a yi masu wannan lissafi. Kuma mafi yawan kuɗin ba a Kano ake tara su ba: daga rabon wata-wata na Abuja suke zuwa, inda jihohi 36 ke raba kashi 26.72 cikin ɗari na asusun tarayya. Majalisa na kasafta naman da ba ita ta farauto ba.

Wanda ke ciyar da kai shi ke riƙe da linzaminka. Shekara da shekaru albashin majalisun jihohi da kuɗin aikinsu na bi ta hannun gwamnoni. An gyara tsarin mulki a 2018 domin kuɗin su riƙa zuwa kai tsaye. Shugaba Muhammadu Buhari ya ba da umurnin tilasta hakan a 2020, Kotun Ƙoli ta soke umurnin a 2022, aka sake gyaran a 2023. Ma'aikatan majalisun sun yi yajin aiki a kan wannan magana a 2021 da kuma 2023. Ana iya ganin ƙarfin linzamin a saurin wasu dokoki. A watan Mayun 2019 majalisar Kano ta ƙirƙiro masarautun Bichi, Rano, Gaya da Ƙaraye cikin ƴan kwanaki, bisa muradin gwamnan lokacin. Ranar 23 ga Mayun 2024 ta soke dokar masarautun, sabon gwamna ya sa hannu a ranar, aka mai da Muhammadu Sanusi na biyu gadon sarauta.

Ba kuma a ce jayayya da gwamna kullum alheri ce ba. A Kaduna, majalisa mai rinjayen NPN ta hana Balarabe Musa na PRP naɗa kwamishinoni, ta tsige shi a 1981. A jihar Ribas, Gwamna Siminalayi Fubara ya gabatar da kasafin naira miliyar 800 gaban depite huɗu kacal a watan Disamban 2023, rigimar da ta kai ga dokar ta-ɓaci a watan Maris na 2025.

Saura aikin da ba a yi masa kiɗa. Tsarin mulki ya umurci babban mai binciken kuɗin jiha ya miƙa wa majalisa rahotonsa cikin kwana 90 bayan ya karɓi lissafin shekara, kwamitin kula da dukiyar jama'a kuma ya bi diddigi. A watan Yunin 2024 gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi, ta kuma ware masa kashi 31 cikin ɗari a kasafin 2025 da ta gabatar. Nawa aka saki daga ciki, aji nawa aka yi wa rufi, malamai nawa aka ɗauka, a teburin wannan kwamiti ne ya kamata amsar ta fito.