Kafin a sayi AC ko a ƙara sola, a fara duba rufin ɗaki

A watan Afrilu zafin Kano kan haura digiri 40, kuma a sababbin gidajen Rijiyar Zaki da Bachirawa da ke Ungogo, daga kwano yawancin zafin yake saukowa. Fanka juya iskar kawai take yi, AC kuwa sai cinye kuɗin mitar KEDCO ko batirin sola. Waya ma tana ji a jikinta: kamfanin Apple ya ce kada zafin wurin da ake amfani da iPhone ya wuce digiri 35.

Silin PVC ko POP shi kaɗai bai isa ba. Takardar alminiyum mai ƙyalli a ƙarƙashin kwano tana rage zafin da ke saukowa, amma sai an bar mata tazara. In aka matse ta tsakanin kwano da silin, an yi asarar kuɗi. A kuma bar kafofin iska a saman bango domin zafin da ya taru ya fita.

Farin fenti a kan kwano ya fi sauƙin yi, sai dai ƙurar hunturu tana dusashe shi, dole a riƙa wankewa. Silin asbestos kam a guje masa, ƙurarsa na illata huhu.