Tafiya da keke cikin Dallol Mawri

Ɗan'uwa mai karatu, ka san fadamar nan da ake kira Dallol Mawri? Tsohon kogi ne da ya ƙafe tun zamanin da. Ya bi ta Dogon Dutsi da Tibiri, ya nufi kudu har kogin Isa, wajen Gaya. Shi ya sa ƙasar take shimfiɗe, mai keke ba ya shan wahalar hawa.

Amma kada shimfiɗar ta ruɗe ka. Daga Dutsi zuwa Kore Mai Ruwa kwalta ce. Riƙe hannunka na dama, ka kiyayi manyan motocin Doso da Konni. Da ka bar kwalta ka shiga hanyoyin garake, sai rairayi. Kogin ya tafi, ya bar mana yashinsa! In ka ɗauro rake ko rogo za ka kasuwa, taya sai ta nutse, kai da kaya ku zube. Sauka ka tura, ba abin kunya ba ne.

Da damina rairayin yakan daddale, amma tabkuna suna yanke hanya. Tambayi wanda ya fito can kafin ka shiga. Kuma kada ka bar famfo da kayan faci gida, saboda ƙayar aduwa.