3.2 Wasan Bidiyo da 'Yancin Faɗar Albarkacin Baki a Dokar Amurka

A sashen da ya gabata an yi bayanin ma'anar wasan bidiyo da ire-irensa. A nan kuma za a dubi wata tambaya da masana shari'a suka daɗe suna kai-kawo a kanta, wato shin wasan bidiyo haja ce kurum ta kasuwa, ko kuwa aikin fasaha ne kamar littafi da fim? Amsar tana da nauyi a Amurka, domin Gyara na Farko a kundin tsarin mulkin ƙasar ya hana gwamnati tauye 'yancin faɗar albarkacin baki. Idan haja ce, gwamnati na iya hana sayar wa yara ita kamar yadda take hana sayar musu da taba. Idan kuwa magana ce, to sai gwamnatin ta kawo ƙwaƙƙwarar hujja kafin ta taɓa ta.

Taƙaddamar ta fito fili a shekarar 1993, lokacin da Sanata Joseph Lieberman da Sanata Herb Kohl suka jagoranci zaman sauraren bahasi a kan zubar da jinin da ke cikin wasanni irin su Mortal Kombat. Kamfanoni suka ga in ba su gyara da kansu ba za a gyara musu, sai suka kafa hukumar ESRB a 1994 don ta riƙa yi wa wasanni alamar shekaru. Sai dai alamar ba doka ba ce.

A shekarar 2005 Jihar Kalifoniya ta wuce nan. Gwamna Arnold Schwarzenegger, wanda shi kansa da finafinan harbe-harbe ya yi suna, ya sa hannu a dokar da ta haramta sayar wa ɗan ƙasa da shekara 18 wasan da ke cike da ta'asa, tare da tarar da ka iya kai dala 1,000 ga wanda ya saɓa. Masu sana'ar suka garzaya kotu, aka dakatar da dokar tun ba ta fara aiki ba. Haka aka yi ta ɗaukaka ƙara har zuwa ranar 27 ga Yuni, 2011, da Kotun Ƙoli ta soke dokar da rinjayen alƙalai 7 a kan 2.

Mai shari'a Antonin Scalia ne ya rubuta hukuncin, kuma hujjarsa abin lura ce ga ɗalibin adabi. Cewa ya yi wasan bidiyo yana isar da saƙo ta hanyar taurari da zance da zubin labari da kiɗa, wato dai kayan aikin da marubuci ke amfani da su. Ya ƙara da cewa ƙasar ba ta da al'adar ɓoye wa yara labarin ta'asa, ya kawo misali da tatsuniyoyin Turawa, inda yara ke jefa mayya cikin tanderu. Lauyoyin jihar sun kafa hujja da cewa mai wasa ba sauraro kawai yake yi ba, da hannunsa yake aikata kisan. Kotu ta ce wannan bambancin yawa ne, ba na asali ba, tun da kowane labari mai armashi yakan jawo mai karatu cikinsa. Binciken masana halayyar ɗan Adam da aka gabatar kuwa, kotu ta ga bai tabbatar da cewa wasan ne ke haddasa faɗa ba.

Daga cikin alƙalai biyun da suka saɓa, ra'ayin Stephen Breyer ya fi jan hankali. Tun a 1968 Kotun Ƙolin ta amince jiha ta hana sayar wa yara mujallun tsiraici. To ta yaya, in ji shi, za a hana yaro ɗan shekara 13 sayen mujalla mai hoton mace tsirara, amma a ba shi damar sayen wasan da zai azabtar da mace ya kashe ta? A ganin mai wannan nazari, rinjayen alƙalan bai warware wannan ƙulli ba, ya dai fake da cewa tarihin dokar ƙasar ya ware batsa daban, bai ware ta'asa ba. Wannan hujja ce ta tarihi, ba ta tarbiyya ba, don haka ba lallai ta ci a wata ƙasa ba.

Hasali ma ba ta ci ba. A Jamus alamar shekaru ta hukumar USK ta zama wajibi a doka tun 2003, a Birtaniya kuma tun 2012 laifi ne mai kanti ya sayar wa yaro wasan da alamar PEGI ta 12 ko 16 ko 18 ta nuna ya fi ƙarfin shekarunsa.