Jijjiga: Ɓarawon da ke cinye kayan sautin matasan Ɗanbatta

Da zarar kaka ta yi, an kai gero da dawa rumbu, an sayar da gyaɗa, sai bukukuwa su kankama a Ɗanbatta da ƙauyukan da ke kewaye da ita. A wannan lokaci ne kakar matasa masu hayar kayan sauti take yanke saƙa. Sai dai duk wanda ya saba zuwa wajen biki, walimar saukar karatu ko taron makaranta ya san yadda abin yake ƙarewa wani lokaci: ana tsakiyar sha'ani sai lasifika ta kwarma ihu, ko waƙa ta riƙa tsalle, ko kwamfutar DJ ta ƙame. Nan take mukan ɗora laifin a kan "kayan jabu" ko janareta. Sau da yawa kuwa mai laifin yana nan ƙarƙashin teburin, wato jijjiga.

Ga matashin da ya tara kuɗin noman rani ko ya ci bashi ya haɗa kayansa, wannan ba abin dariya ba ne. Waya ta tsinke a cikin amfilifaya ko sifika ta ƙone, ribar wata guda ta tafi wajen mai gyara. Wanda kuma kayansa suka kunyata shi a gaban dangin amarya, da wuya a sake kiransa a wannan unguwa.

Ta ina take shigowa?

Abin da muka koya a ajin fizis shi ne sauti kansa jijjiga ce. A iska yana gudun kusan mita 343 a daƙiƙa, a cikin ƙarfe kuwa yana kai wajen mita 5,000. Ke nan ƙarar babbar sifika tana da hanya biyu ta komawa kan kayan da suka haife ta: ta iska, da kuma ta katako, ƙarfe ko daɓe. Idan makirfo ya ɗauki wannan ƙara, amfilifaya ta ƙara mata ƙarfi, sifika ta sake fito da ita, sai abin ya yi ta zagaye har ya zama kukan nan mai huda kunne.

Janareta ma tana da nata kason. Wutar Najeriya tana juyi 50 ne a daƙiƙa, don haka ƙananan janaretocin da muke amfani da su suna juyawa sau 3,000 a minti, wato bugu 50 a kowace daƙiƙa. Idan aka girke ta a kan daɓen siminti ɗaya da teburin kaya, bugun nan yana bin daɓen ya hau ƙafar tebur, ya riƙa kwance noti da sassauta dalma a hankali.

Daga garmaho zuwa kwamfuta

Matsalar ta girme mu. Emile Berliner ya yi rajistar garmaho mai faifai a Amurka a 1887, kamfanin Columbia kuma ya fito da babban faifai mai juyi 33 da sulusi a minti a 1948. A irin waɗannan faya-fayai ne kamfanin EMI ya buga waƙoƙin Alhaji Mamman Shata, kuma har yau akwai gidajen da suke ajiye da su a cikin adaka. Allurar garmaho tana bin wani siririn layi ne a jikin faifai, tana danna shi da nauyin da bai wuce giram kaɗan ba a na'urorin zamani. Ba ta iya bambance motsin waƙa da motsin tebur. Taku mai ƙarfi a kusa ya isa ya sa ta tsallake layi, ta karce faifan da ƙila ba za a sake samun irinsa ba. Shi ya sa na'urar Technics SL-1200, wadda ta fito a 1972 ta kuma zama abin alfaharin masu kiɗan DJ a duniya, aka yi ta da nauyi sosai, samfurinta na 1979 ma aka yi masa gindin roba mai kauri.

Kada mu ɗauka kwamfuta ta tsira. Tsofaffin kwamfutocin tafi-da-gidanka da yawancinmu muke saya na hannu suna da rumbun ajiya mai faifai a ciki, wanda yake juyi 5,400 a minti. A 2022 wani injiniyan Microsoft, Raymond Chen, ya ba da labarin yadda waƙar Rhythm Nation ta Janet Jackson ta riƙa kashe wasu kwamfutoci, saboda wani sauti a cikinta ya yi daidai da bugun da rumbun nasu yake amsawa. Wanda ya ɗora irin wannan kwamfuta a kan akwatin sifika, da hannunsa ya kai ta mahallaka.

Ba kowace roba ce magani ba

A nan ne lissafin yake da daɗi. Duk abu mai nauyi da aka ɗora a kan abu mai laushi yana da nasa bugun da yake amsawa, kamar yadda lilo yake da nasa. Abin da ke tantance bugun shi ne yawan lotsawar da abin mai laushi ya yi. Idan ya lotsa da santimita 1, bugunsa kusan 5 ne a daƙiƙa, kuma a lissafi kashi 1 cikin 100 ne kawai na jijjigar janareta zai ratsa. Idan ya lotsa da milimita 2.5, bugun ya zama 10, kashi 4 ya ratsa. Amma idan robar ta yi tauri har ba ta lotsa fiye da kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, bugunta zai kai 50, daidai da na janareta, sai ta ninka jijjigar maimakon ta rage ta. A aikace adadin da ke ratsawa yakan ɗan fi na takarda, amma ƙa'idar ba ta canzawa: nauyi a sama, laushi a ƙasa. Haka kuma soson da ya matse ya zama kamar katako ya daina aiki.

Abin da za mu iya yi da kayan gida

Kusan duk abin da ake buƙata ana samunsa a kasuwar Ɗanbatta ranar Lahadi, ko wajen mai faci. Janareta dai a kai ta nesa, a sarari, a ɗora ta a kan tsohuwar tayar mota da aka kwantar a kan rairayi, ba a kan daɓe ba. Kada a shigar da ita ɗaki ko zaure don rage ƙara, domin hayaƙinta yana kisa ba tare da an ji warinsa ba.

Garmaho, mikisa ko kwamfuta kuwa, a ba su teburinsu daban da na sifika. A sami tub ɗin keke ko na babur, a hura masa iska kaɗan yadda zai yi laushi, a kwantar, a ɗora faffaɗan tayil ko katako mai kauri, sannan a ɗora na'urar. Buhun yashi a kan sandar ƙasan teburin yana hana shi rawa. Wayoyi a bar su da ɗan sako-sako, don wayar da ta ɗame ita ma gada ce ga jijjiga.

Makirfo ya kasance a bayan sifika, kada ya fuskance ta, a kuma shimfiɗa darduma a ƙarƙashin sandarsa. A fili, duk sanda aka ninka tazarar da ke tsakaninsu, ƙarfin sautin da ke isa makirfo yana raguwa da kusan desibel 6. Wannan shawara ta shafi masu kula da lasifikar masallatan unguwanninmu da na makarantu.

Gwajin ba ya buƙatar ko sisi. A ajiye kofin ruwa a kan teburin kafin a jera kaya, a tayar da janareta, a ƙure sauti. Idan fuskar ruwan tana rawa, abin da na'urar za ta sha ke nan har a tashi daga biki. A sa tub, a sake dubawa, a rage ko a ƙara iska har ruwan ya kwanta, sannan a kawar da kofin a jera kaya.

Ɗaliban sakandare da ke neman abin nunawa a kulob ɗin kimiyya, ga aiki nan a saukaƙe: kofi, tub, tayil da 'yar sifika sun isa a gwada soso, roba da yashi, a ga wanne ya fi kwantar da ruwan. Masu hayar kaya kuma, kafin bikin ƙarshen makon nan, a fara biyawa ta wajen mai faci.